Kafin Ƙanƙara Ta Sauka a Duluth

Marlys ta ƙwanƙwasa min ƙofa da safiyar Asabar,
makulli a tafinta, ɗaure da jan zaren ulu.
Motar Arvid ce. Tun da aka kai shi makwanci
ba wanda ya ɗaga murfin injinta.
Rediyo ya ce daren Laraba sanyi zai taso daga tafki,
ita kuma ba ta san me ya zuba a ciki ba,
ko ruwan magani, ko na famfo zalla.
Mutumin ya fara mantuwa a shekararsa ta ƙarshe.

Na ce to.

A garejin Oga Shekarau, can bayan tasha a Gusau,
ruwan rijiya muke kamfata mu ɗura wa lagireto,
in ya tafasa a jira, a ƙara, a kama hanya.
Zafi kaɗai muka sani abokin gaba.
Nan kuwa ruwa kan kwana ya tashi dutse,
ya kumbura, ya tsaga ƙarfe kamar ƙwarya.

Na dafa injin da bayan hannu. Sanyi ƙalau.
Tabon ranar da na yi gaggawa yana nan a wuyan hannuna.
Na kwance marfin sama, iska ta samu hanya,
na shimfiɗa kwali, na kwanta rigingine,
na tura daro ƙarƙashi.
Ɗan famfon gindin lagireto ya ƙi.
Roba ce, ta tsufa, ba a yi mata ƙarfi.
Na lallaɓa shi da filaya har ya saki.

Kore ya kamata ya fito, kore shar.
Abin da ya zubo kamar kududdufi ne bayan shanu sun sha,
ga tsatsa, ga ƙamshin nan mai zaƙi-zaƙi da ke yaudarar dabba.
Na ce ta kulle kyanwarta a ɗaki.
Lasa kaɗan ta isa.

Da ɗigon ya tsaya ta ce, shi ke nan?
Na ce a'a, wannan na bakin ƙofa ne.
Rabi na can cikin cikin inji,
a lungunan da ba ya fita don an roƙe shi.
Akwai noti a haƙarƙari, bayan bututun hayaƙi,
ido ba ya kaiwa, sai yatsa.
Ta durƙusa da tocila, gwiwarta na ƙara,
tana haska min inda ba nan ba ne.
Ban ce komai ba.

Sifana ta zame sau biyu, ta ɗauke min fatar ɗan yatsa.
A na uku notin ya fita, amma ko ɗigo babu:
laka ta toshe ramin.
Na soka waya.
Sai ga shi, baƙi, ya biyo hannun rigata har hammata,
da sanyin da ya sa na ambaci Allah da ƙarfi.
Marlys ta yi dariya, ta toshe baki,
kamar wadda aka kama da kayan wani.

Sau uku muka wanke da tiyo kafin ruwan ya fito garau.
Na ɗaure noti, na rufe famfo,
na haɗa sabo, rabi da rabi, na ɗura da mazurari.
Tsohon na juye a jarka biyu, na rubuta guba a jiki,
Litinin zan kai inda hukuma ke karɓa.

Na tayar da inji, na kunna na'urar ɗumi,
na tsaya ina kallon kumfa na fita ɗaya-ɗaya daga bakin lagireto.
Da na leƙa, ta riga ta shiga,
ba a mazaunin direba ba, a ɗaya gefen,
ta miƙa tafukanta gaban iskar.
Ta ce warin tabarsa ne ke fitowa.

Allura ta hau tsakiya ta tsaya.
Na bar injin yana ci fiye da yadda aikin ke buƙata.